Bayani kan kiwon kajin gida domin samun ƙwai

Da wuya a shiga wani gida a karkarar arewacin Najeriya ko kudancin jamhuriyar Nijar ba a tarar da 'yan kaji suna tono a tsakar gida ko a bayan danga ba. Galibinsu na mata ne da yara, kuma su ne dukiyar da ake fara kamawa a kai kasuwa idan rashin lafiya ya taso, ko aka yi baƙo, ko kuma aka buƙaci kuɗin makaranta.

Sai dai duk da yawan waɗannan kaji, ƙwan da ake samu daga gare su bai taka kara ya karya ba. Akasarin ƙwan da masu shayi ke soyawa a birane kamar Kano da Kaduna da Maraɗi daga manyan gidajen gona yake fitowa.

Mutane da dama na ɗora laifin hakan a kan irin kajin. Amma binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyukan Afirka ya nuna cewa babbar asarar tana zuwa ne ta hanyoyi uku: annobar da ke share kaji, da mutuwar 'yan tsaki, da kuma tsawon lokacin da kaza ke ɓatawa wajen kwanci da reno. Dukkansu kuwa akwai abin da mai kiwo zai iya yi a kansu ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

Wace ce kazar gida?

Kaza dai ta samo asali ne daga wata tsuntsuwar daji mai jan gashi da har yanzu ake samu a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. Daga can ne ta bazu zuwa sauran sassan duniya, ta kuma iso Afirka shekaru fiye da 2,500 da suka wuce, kamar yadda ƙasusuwan da aka tono a arewacin Habasha suka nuna.

Kajin da ake kira na gida, ko kajin Hausa, ba iri guda ba ne. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai shazumama mai murɗaɗɗen gashi, akwai kuma wadda wuyanta ba shi da gashi, wadda aka san ta da jure zafi.

Abin da ya haɗa su shi ne ƙanƙantar jiki, da iya neman abinci da kansu, da zafin nama wajen guje wa shirwa, da kuma iya kwanci da renon 'ya'ya.

Sagarar gida kan fara ƙwai ne tana da kimanin wata 6 zuwa 7, yayin da ta gidan gona kan fara tana da mako 18 zuwa 20.

Me ya sa ƙwanta ba shi da yawa?

Kazar gida da aka sake ta tana kiwo kan yi ƙwai tsakanin 30 zuwa 60 a shekara. Ta gidan gona kuwa, idan ta samu cikakken abinci da kulawa, takan yi kusan 300.

Wannan tazara na da nasaba da yadda kazar gida ke kasa shekararta. Takan ɗauki mako 2 zuwa 3 tana saka ƙwai 10 zuwa 15. Daga nan sai ta kwanta a kansu har kwana 21. Bayan ƙyanƙyasa kuma sai ta shafe wata 2 ko fiye tana yawo da 'yan tsaki.

A duk tsawon lokacin kwanci da reno kaza ba ta yin ƙwai. Ke nan a shekara guda sau 3 ko 4 kawai take komawa saka.

Su kuwa kajin gidan gona an shafe shekaru da dama ana zaɓen iri har sai da aka kusan raba su da ɗabi'ar kwanci baki ɗaya. Shi ya sa suke yin ƙwai kusan kullum, shi ya sa kuma ba sa iya ƙyanƙyasa sai da inji.

Mai kiwon da ke son ƙwai na iya rage wannan ɓata lokaci ta hanyar raba wa kajinsa aiki. Sai ya zaɓi kaza ɗaya ko biyu da suka ƙware wajen reno ya bar musu kwanci, sauran kuma ya riƙa kwashe ƙwansu kullum, yana barin guda ɗaya da aka yi wa alama da gawayi domin kada kazar ta sauya wurin saka.

Haka nan idan aka raba uwa da 'ya'yanta bayan sun yi 'yan makonni, aka killace su a wuri mai ɗumi ana ba su abinci, uwar kan koma saka da wuri.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai. Amfanin zakara shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa, kuma zakara guda ya ishi kaji kamar 10. Tara zakaru da yawa a gida ɗaya faɗa kawai yake haifarwa da ɓarnar abinci.

Cutar da ta fi yin ɓarna

Babu abin da ke karya masu kiwon kajin gida kamar cutar Newcastle. An fara gano ta ne a shekarar 1926 a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya da kuma kusa da birnin Newcastle na Ingila, inda ta samo sunanta.

Ƙwayar cuta ce ta bairos, don haka magungunan kashe bakteriya ba sa yi mata komai. Idan mai ƙarfinta ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya kashe kusan dukkan kajin cikin 'yan kwanaki.

Alamominta sun haɗa da kasala, da sakin fukafukai, da wahalar numfashi, da zawo mai launin kore ko fari. Wasu kajin da suka rayu wuyansu kan murɗe, ko ƙafafunsu su shanye.

A arewacin Najeriya cutar ta fi tsananta ne da hunturu. Tana kuma bin hanyar kasuwa. Da zarar kaji suka fara mutuwa a wani ƙauye, masu su kan yi hanzarin kai sauran kasuwa don kada su yi asara, wanda ya saya kuwa sai ya kai cutar gidansa.

Saboda haka ne likitocin dabbobi ke ba da shawarar a ware duk kazar da aka sayo, ko aka samu kyauta, na tsawon mako 2 kafin a haɗa ta da na gida.

Rigakafin da ya dace da ƙauye

An daɗe da samun allurar rigakafin wannan cuta, amma ta farko an yi ta ne domin manyan gonaki. Tana zuwa cikin kwalbar da ta ishi ɗaruruwan kaji, kuma tana lalacewa da zarar ta rabu da firiji.

An samu sauƙin hakan ne bayan da masana a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya suka samar da wani nau'in rigakafi mai jure zafi da ake kira I-2, wanda aka bai wa ƙasashe masu tasowa damar haɗawa da kansu.

A Najeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, na cikin masu haɗa wannan rigakafi.

Ana ɗiga ɗigo ɗaya ne a idon kowace kaza, babba ko ɗan tsako, a kuma maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4. Jikin kazar kan ɗauki mako 1 zuwa 2 kafin ya samu kariya, don haka ya kamata a yi shi tun da kaka, kafin sanyi ya shigo.

Abubuwa biyu ne ke yawan ɓata wa rigakafin suna a ƙauyuka. Na farko shi ne ba da shi bayan cuta ta riga ta shiga gida. Kajin kan mutu duk da haka, sai a ce maganin ne ya kashe su. Na biyu shi ne barin kwalbar a rana. Jure zafi ba ya nufin ba ta lalacewa. Ana son a ajiye ta a wuri mai sanyi, a naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle idan za a yi tafiya da ita.

Da yake kajin maƙwabta a wuri ɗaya suke kiwo, rigakafin ya fi amfani idan unguwa ko ƙauye suka haɗu aka yi wa kajin kowa a rana ɗaya. Hakan kuma na rage tsadar kwalbar a kan kowane gida.

Ban da Newcastle, akwai cutar gumboro da ke kama 'yan tsaki, da cutar ƙurajen da ke fesowa a fuska da zanko, wadda sauro ke taimakawa wajen yaɗawa. Su ma suna da rigakafinsu.

'Yan tsaki

A ƙauyuka da dama, kusan rabin 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe ba sa kaiwa wata 2. Hausawa kan ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, amma ban da shirwa da shaho akwai muzuru da tunku da gafiya da maciji, ga kuma ruwan sama da sanyi da ƙishirwa.

Ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa a makonnin farko, kuma ba ya iya bin uwarsa nesa ba tare da ya galabaita ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kife uwar da 'ya'yanta da babban kwando mai faɗi a inuwa, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta kowace rana, har su yi mako 4 zuwa 6. A ba su tsakin gero ko na masara, a haɗa da abin da zai gina musu jiki.

Mazubin ruwansu ya kasance marar zurfi, a zuba 'yan duwatsu a ciki don kada su faɗa su nutse.

Shi ma ƙwan da za a sa wa kaza ta kwanta a kai yana da ƙa'ida. Kada ya wuce kwana 7 zuwa 10 da sakawa, kada ya kasance mai tsaga ko ƙazanta, kuma kada a tara mata fiye da abin da za ta iya rufewa da jikinta. Bayan mako guda da fara kwanci ana iya haska kowane ƙwai da tocila a cikin duhu. Wanda aka ga jijiyoyin jini a cikinsa yana da rai, wanda kuwa ya fito garau sai a cire shi.

Manoma da dama kan sa wa kaza ƙwan zabi da damina, domin zabuwa ba ta da kirkin reno. Shi ƙwan zabi yakan ɗauki kwana 26 zuwa 28 kafin ya ƙyanƙyashe.

Abinci da ruwa

Kazar da aka sake tana samun ƙwari da tsutsotsi da 'ya'yan ciyawa da ragowar abincin gida. Sai dai wannan abinci yana da iyaka, kuma yana sauyawa da yanayi. Da damina akwai ƙwari da ganye amma hatsi ya yi ƙaranci. Da kaka akwai hatsi a masussuka. Da bazara kuwa kusan komai kan ƙare.

Wannan ne ya sa idan kaji suka yi yawa a gida ɗaya ba tare da ƙarin abinci ba, sai dukkansu su rame, ƙwai ya ragu.

Dusa da hatsi suna ba kaza ƙarfi, amma ba su isa su sa ta yawan ƙwai ba. Tana buƙatar abinci mai gina jiki, kamar garin ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, ko waken suya da aka soya, ko dakakken ƙananan kifi. Ɗanyen waken suya yana hana narkewar abinci, don haka sai an soya shi ko an dafa. Gara ma abinci ce mai kyau, kuma tun da daɗewa manoma ke kife tukunya mai ɗauke da kashin shanu da karmami a kusa da suri domin tara ta. Ganyen zogale kaɗan na ƙara wa gwaiduwa launi.

Ɓawon ƙwai guda na ɗauke da kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam. Idan kaza ba ta samu isasshe a abinci ba, sai ta ɗebo daga ƙasusuwanta, daga bisani ƙwan ya riƙa fitowa da laushi. Ana magance wannan da garin ƙonannen ƙashi, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka da kyau, ta yadda kaza ba za ta gane shi ba balle ta koyi fasa ƙwanta.

Ruwa kuwa shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Kimanin kashi 3 cikin 4 na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, kuma kaza kan sha ninki biyu na nauyin abincin da ta ci, fiye da haka ma a lokacin zafi. Yini guda na ƙishirwa na iya tsayar da ƙwai na kwanaki.

An fi son a ba da ƙarin abincin da safe da kuma yamma. Na yamma yana koya wa kaji dawowa gida da wuri.

Akurki

Kajin da ke kwana a kan bishiya ko katanga sun fi fuskantar ɓarayi da namun dawa, kuma kamo su ranar rigakafi aiki ne. Akurki na ƙasa ko na kara ya wadatar, in dai yana da ƙofar da ke rufuwa, da kafofin shan iska, da rufin da ba ya yoyo, da kuma faɗin da za a iya share shi.

Ana gitta sanda a ciki domin kaji su hau su kwana, a kuma tanadi wurin saka guda ga kowaɗanne kaji 4 ko 5, a wuri mai ɗan duhu. Tsohuwar tukunya ko kwando da aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa ya isa.

Ƙuma da ƙwarƙwata da kaska kan ɓoye a tsagar bango, su fito da dare suna shan jinin kaji, har sukan sa kaza ta gudu ta bar ƙwanta. Share akurki a kai a kai, da lilin bango, da barbaɗa toka, da ƙona tsohuwar shimfiɗa bayan kowace ƙyanƙyasa na rage su sosai. Kashin da aka share kuma taki ne mai ƙarfi ga lambu bayan ya ruɓe.

Murar tsuntsaye da lafiyar iyali

A ranar 8 ga watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin ƙarshen watan aka gano ta a Magarya da ke jihar Damagaram a Nijar. A farkon 2007 kuma aka tabbatar da mutuwar wata matashiya a Legas sakamakon cutar. Ta sake ɓulla a jihohin Kano da Legas a watan Janairun 2015.

Alamominta na kama da na Newcastle ƙwarai, ta yadda sai a ɗakin gwaji ake iya bambance su. Babban bambancin shi ne murar tsuntsaye na iya kama mutum har ta kashe shi.

Don haka idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, abin da ya dace shi ne a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Kada a yanka marar lafiya a ci, kada a kai ta kasuwa, kada kuma a jefar da mushe a bola. A binne shi da zurfi ko a ƙone shi, a wanke hannu da sabulu.

Ko ba annoba, kashin kaji na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa yara zawo. Bai kamata kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane ba, kuma a riƙa share wurin da yara ke rarrafe.

Akwai kuma al'adar kwance kafson mutane a zuba wa kaji a ruwa. Wannan ba ya warkar da cutar bairos, ragowar maganin kan fito a cikin ƙwai, kuma yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magungunan da mutane ke dogaro da su.

Ko sauya iri zai taimaka?

A ƙasashen Afirka da dama an sha gwada raba zakarun Turai a ƙauyuka domin inganta iri, amma galibin shirye-shiryen ba su ɗore ba, saboda zakarun kan mutu kafin a ci moriyarsu.

Daga baya aka koma samar da irin da ya fi dacewa da yanayin ƙasa. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta ta fito da FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a 2018. Akwai kuma Noiler, wadda ta bazu a gidaje da dama a arewa.

Waɗannan kaji sun fi na gida girma da yawan ƙwai, amma sun fi su ci, ba su kai su iya guje wa shirwa ba, kuma ba kasafai suke kwanci ba. Wanda bai shawo kan matsalar rigakafi da abinci da wurin kwana ba, sauya iri zai ƙara masa asara ne kawai.

Darajar ƙwai

Babban ƙwai guda na ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, tare da wasu sinadaran da ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata. Na kazar gida ya fi ƙanƙanta, amma amfaninsu kusan ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na sanya ƙwai cikin abincin da ya dace a fara bai wa yaro daga wata 6.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Ekwado, aka wallafa a 2017, ya gano cewa ba jarirai ƙwai guda kullum na tsawon wata 6 ya rage tsumburewa da kusan rabi. Makamancinsa da aka yi a Malawi bai ga irin wannan tasiri a kan tsawon yara ba, abin da masu binciken suka danganta da cewa yaran can na samun kifi a abincinsu.

A wasu wurare har yanzu akwai camfin cewa yaron da ya saba da cin ƙwai zai tashi da sata. Wannan ba shi da tushe a ilimin likita.

Ana son a dafa ƙwai ya nuna sosai, musamman ga yara da masu juna biyu. Kada a wanke shi kafin a ajiye, domin yana da wani siririn rufi da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta ƙofofin ɓawon. Idan ana shakkar ƙwai sai a sa shi a ruwa: sabo kan nutse ya kwanta, tsoho kuma ya taso sama.

A ƙasashen Tarayyar Turai, inda aka haramta tsofaffin kejin kaji masu matsi tun daga 2012, ana buga lamba a jikin kowane ƙwai da ke nuna yadda aka yi kiwon kazar, kuma na kajin da ake saki waje ya fi na keji tsada. A kasuwannin ƙasar Hausa ma kazar gida na da masu nemanta, waɗanda ke biyan kuɗi fiye da na ta gidan gona saboda ɗanɗanonta.

Ga mai farawa, kaji 5 zuwa 10 da zakara guda sun isa. Idan aka yi musu rigakafi kafin hunturu, aka tanadi akurki da ruwa, aka kuma killace 'yan tsaki a makonninsu na farko, garken kan ƙaru har a samu na ci da na sayarwa.